Ria Mooney: Jifan Dare Ɗaya Da Wahalar Shekara 15

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo, kuma a kan wata mata ce da na tabbata yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba. Sunanta Ria Mooney, 'yar ƙasar Ayalan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila wanda Turawan Ingila suka danne tun ƙarnuka kafin su san hanyar Kano da Sakkwato. An haife ta a Dablin, babban birnin ƙasar, a 1903, ta rasu a farkon Janairun 1973. 'Yar wasan daɓe ce, daga baya ta zama darakta. Duk ranar da ƙura ta tashi a nan a kan wata 'yar fim saboda rawar da ta taka, wannan matar nake tunawa. Sai dai ɓangaren rayuwarta da ya fi damuna ba shi ne wanda aka fi yayatawa ba.

Bari in fara da wanda aka fi yayatawar.

A Dablin akwai gidan wasan kwaikwayo da ake kira Abbey, wanda sha'irin nan W. B. Yeats da wata dattijuwa marubuciya, Lady Gregory, suka jagoranci buɗewa a Disambar 1904. Shi ne gidan wasa na ƙasa. Ria ta shiga cikin 'yan wasansa a 1924. A Fabrairun 1926 gidan ya ɗora wani sabon wasa na Seán O'Casey mai suna The Plough and the Stars, wato Garma da Taurari, sunan tutar wata rundunar ma'aikata da shi O'Casey ya taɓa zama sakatarenta. Wasan a kan tawayen Ista na 1916 yake, lokacin da 'yan kishin ƙasa suka kama manyan gine-ginen Dablin suka ce sun gama da mulkin Ingila. Kwana shida aka yi ana ɓarin wuta, mutane wajen 480 suka mutu, fiye da rabinsu fararen hula, sannan Ingila ta bi jagororin ta kashe su. Kafin 1926 waɗannan jagorori sun zama tamkar waliyyai a bakin jama'a.

O'Casey kuwa lebura ne da ya tashi cikin talauci, saboda haka sai ya ba da labarin daga gidajen hayar talakawa, inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki guda. A wasansa akwai masu wawashe shaguna ana tsakiyar harbi, akwai jarumin da tsoro ya kama, akwai matar aure mai ciki da ta rasa cikin, ta rasa mijin, ta rasa hankalinta. Amma kashi na biyu shi ne ya ta da bala'i. A cikin mashaya ake yin sa. Ta taga ana jiyo muryar mai jawabi yana zuga taro da kalmomin da aka ɗebo daga ainihin jawaban Patrick Pearse, jagoran tawayen, yana cewa zubar da jini tsarkakewa ne. A ciki kuma ga wata karuwa, Rosie Redmond, ta jingina da kantar mashayar tana ƙorafin cewa taron ya kashe mata kasuwa, maza duk hankalinsu ya tafi ga manyan al'amura, ba mai kallon ta. Can sai ga mayaƙa sun shigo shan giya riƙe da tutar ƙasa.

Ria ce aka ba Rosie, tana da shekara 22. Manyanta a gidan sun ja ta gefe sun ce kar ta karɓa, za ta ɓata sunanta, ba za ta ƙara ɗaga kai a gari ba. Ta karɓa. A tarihin rayuwarta da ta rubuta ta faɗi cewa a lokacin ko ma'anar sana'ar ba ta gama fahimta ba, sai ta riƙa zagayawa lungunan da ke bayan gidan wasan da daddare tana lura da 'yan matan da ke tsaye a can, yadda suke shafa hoda, yadda suke sa kaya, yadda suke tsayuwa. Wannan wurin ina so a riƙe shi. Yarinya 'yar gidan mutunci ta je ta kalli mutanen da gari ya ce babu su, ta dawo ta nuna su a dandamali yadda ta gan su, ba ta mai da su dodanni ba, ba ta mai da su abin dariya ba.

Tun kafin a buɗe labule rigima ta fara daga cikin gida. A 1925 sabuwar gwamnatin Ayalan ta fara ba Abbey tallafin fam 850, kuma wanda ya ba ka kuɗi sai ya nemi kujera. Wakilin da aka sa a hukumar gudanarwa, wani masanin tattalin arziki mai suna George O'Brien, ya karanta wasan ya ce Rosie ba ta yi masa ba, ya kuma yi nuni da cewa tallafin zai iya salwanta. Lady Gregory ta ce in zaɓi ne tsakanin tallafi da 'yanci, 'yancin za su ɗauka. Aka cire wata waƙar batsa da Rosie za ta rera, aka bar Rosie.

Dare na huɗu, Alhamis 11 ga Fabrairu, gidan ya kacame. Ihu, tsaki, waƙoƙin kishin ƙasa, wasu suka haye dandamali aka ba hammata iska da 'yan wasa. Ria aka riƙa jifan ta da gutsattsarin gawayin kwal da kwabbai. Yeats, wanda ya riga ya karɓi kyautar Nobel a 1923, ya fito gaban labule ya ce wa jama'a sun sake kunyata kansu, yana tuna musu tarzomar 1907 da aka yi a gidan nan a kan wani wasan na J. M. Synge. Aka kira 'yan sanda. Bayan kwana biyu wasu 'yan bindiga suka je gidan Barry Fitzgerald, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan, da niyyar ɗauke shi don wasan ya tsaya, Allah ya sa ba su same shi ba.

Cikin abin da wasu masu fushi suka riƙa faɗa har da cewa wai babu karuwai a Ayalan, sharri ne aka yi wa matan ƙasar. Alhali unguwar Monto, wadda ta yi suna a duk Turai da wannan harka, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa daga ƙofar Abbey, kuma a Maris ɗin 1925, ko shekara ba a cika ba, 'yan sanda da wata ƙungiyar Katolika suka rufe ta, aka kama mutum sama da 100. Laifi tudu ne. Wanda ya wuce ta gaban matan nan a kan hanyarsa ta zuwa kallo shi ne ya shiga ciki yana rantsuwa babu su.

Amma zan yi wa masu zanga-zangar adalci, don ba duka ne munafukai ba. Wadda ta jagorance su, Hanna Sheehy-Skeffington, mijinta ko bindiga ba ya ɗauka, mai wa'azin zaman lafiya ne, sojojin Ingila suka kama shi a makon tawayen suka harbe shi a bariki ba shari'a. Tare da ita akwai zawarawa da iyaye mata da 'yan'uwan waɗanda aka kashe. Shekara 10 kacal da faruwar abin, ga kuma yaƙin basasar 1922 zuwa 1923 da bai gama hucewa ba. Ita damuwarta ba Rosie ba ce, damuwarta a ce gidan da ke cin kuɗin gwamnati yana sa mutane dariya a kan matattunta. Ban yarda da hawa dandamali da jifa ba, amma ba zan zauna a nan in yi wa mai takaba dariya ba. Abin da na lura da shi kawai, rikicin tsakanin marubuci ne da masu makoki, gawayin kuma a jikin yarinyar ya sauka.

Wannan na san shi da idona. Muna aji biyar a sakandare na rubuta wani ɗan wasa don bikin ƙarshen shekara, a ciki akwai kawaliya mai hure wa 'yan mata kunne. Wata yarinya mai natsuwa, wadda ta fi kowa haddar darasi, ita ta iya fitowar, ta ɗaura ɗankwali a karkace, ta riƙa tauna cingam tana kaɗa makulli a yatsa, zauren ya ɗauki shewa. Kafin sati ya zagayo sunan kawaliyar ya bi ta har bakin famfo. Ranar da na je gidansu karɓar kayan wasan da ta tafi da su, mahaifiyarta ce ta miƙo mini ledar ta bayan ƙyaure, ta ce, "Kai ɗan nan, kai ka rubuta, an tafa maka. Ita kuma wa zai goge mata?" Ban sami amsa ba, na ce, "Ki yi haƙuri Mama," na juya. Yarinyar ba ta sake hawa dandamali ba. Ni kuwa har kyautar littafi aka ba ni.

To, a nan yawancin masu ba da labarin Ria suke tsayawa: jaruma ta tsaya, jahilai sun yi jifa, fasaha ta yi nasara. Labari mai daɗi, kuma mai sauƙi, don kowa yana karantawa yana jin shi ba ya cikin masu jifan. Ni a ganina daren nan bai karya ta ba ko kaɗan. Gidan ya ci gaba da cika maƙil, wasan ya zama wanda Abbey ta fi maimaitawa a tarihinta, sunanta ya fita. Ta tafi Amurka, ta shiga kamfanin Civic Repertory a Niyok, wanda wata mace, Eva Le Gallienne, ta kafa take kuma juya shi da kanta, tana ɗora wasannin manyan marubutan Turai irin su Chekhov da Ibsen a farashin da talaka zai iya biya. A can Ria ta yi aikin mataimakiyar darakta, ta ga da idonta mace tana zaɓen wasa, tana zaɓen 'yan wasa, tana yanke hukunci ba ta jiran sa hannun kowa. Ta dawo Dablin, ta yi wasa a gidan Gate, ta koma Abbey, ta riƙe makarantar koyar da 'yan wasa, a 1937 ta buɗe wani sashe na gwaji a ƙaramin zauren Peacock inda ɗalibai ke ɗora sababbin wasanni da hannunsu, tun daga fenti har fitila. A 1944 ta koma gidan Gaiety ta kafa wata makarantar.

Abin da ya dawo da ita Abbey, Garma da Taurari ne kuma. A Nuwamban 1947 ana tsakiyar nuna shi, wani matashin sha'iri, Valentin Iremonger, ya miƙe cikin 'yan kallo ya ce shugabannin gidan sun kashe shi da rashin iya aiki, ya fice tare da wani malamin jami'a, Roger McHugh. A 1926 an yi ihu don wasan ya yi zafi da yawa, a 1947 an yi ihu don an lalata shi ya yi lami. Jaridu suka ɗauka, hukuma ta rasa inda za ta sa kanta, sai aka nemo Ria. A 1948 ta zama daraktar dindindin ta gidan, mace ta farko da ta riƙe wannan matsayi. A lokacin su furodusa suke ce wa wanda muke kira darakta, amma aikin shi ne dai: ita ke tsayawa a kan gwaji, ita ke gyara tafiya da murya da tsayuwar kowa har ranar buɗe labule.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai gidan na gaskiya shi ne Ernest Blythe, manajan darakta daga 1941 har 1967. Tsohon ministan kuɗi ne, shi ne ma ya sa hannu a tallafin nan na 1925, kuma shi ne mutanen ƙasar ba su manta ba ya rage sule guda daga fanshon tsofaffi a 1924. Ɗan siyasa ne mai riƙon aljihu, ba mutumin dandamali ba. Zaɓen wasa yana hannun hukumar da yake juyawa, ɗaukar 'yan wasa yana hannunsa, kuɗi yana hannunsa. Babban burinsa a duniya farfaɗo da harshen Ayalan na asali, wanda Ingilishi ya kusa haɗiyewa, saboda haka ya kafa sharaɗi: in ba ka jin harshen, da wuya ka shiga Abbey, komai iya wasanka.

A nan sai na yi a hankali, don ni mai son harshena ne, kuma mutumin da ya ga harshen kakanninsa yana mutuwa ya tashi tsaye ba zan zage shi ba. Da a ce manyanmu suna da rabin kishin Blythe ga Hausa da ba mu tsaya muna roƙon a karanta littattafanmu ba. Amma kishin harshe daban, iya wasa daban. In ka tace 'yan wasa da jarrabawar nahawu za ka sami masu nahawu, sannan ka miƙa wa darakta ka ce ta yi abin mamaki da su. Kuma a zamaninsa ne gidan ya mayar da wasannin da daga baya suka zama abin alfaharin ƙasar: The Quare Fellow na Brendan Behan sai a wani ɗan ƙaramin gida mai suna Pike aka fara nuna shi a 1954, Sive na John B. Keane aka ƙi shi a 1959, A Whistle in the Dark na Tom Murphy sai Landan ya tafi a 1961. Ria tana cikin gidan duk wannan lokacin, sunanta ne a takardar shiri, ita masu sharhi ke gani in wasa ya yi sanyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai kuma gobara. Daren 17 wayewar 18 ga Yulin 1951 wuta ta cinye Abbey, kuma wasan da aka tashi daga nunawa a daren, wanda ke ƙarewa da Dablin tana ci da wuta, Garma da Taurari ne. Wallahi da a fim aka rubuta haka da mun ce marubucin ya cika ƙari. Washegari da daddare suka nuna wasan a Peacock da abin da ya tsira da abin da aka aro. Daga nan suka ɗan zauna a wani zaure na kamfanin Guinness, sannan suka kama hayar gidan Queen's a titin da aka sa wa sunan Pearse, tsohon gidan raye-raye da barkwanci, wanda ya fi nasu girma nesa ba kusa ba. An ɗauka zaman ɗan lokaci ne. Shekara 15 aka yi.

Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san lissafin. Kujeru sun ƙaru, kuɗin haya yana jira, dole a cika gida kowane dare, abin da ke cika gida kuwa wasan ban dariya ne mai sauƙi da za a yi makonni ana maimaitawa. Matar da ta koyi aiki a kan Chekhov ta wayi gari tana ɗora wasan barkwancin cikin gida ɗaya bayan ɗaya, da safe gwajin na gaba, da dare kallon na yau, ga ƙarancin kuɗin kayan ado, ga 'yan wasan da ba ita ta zaɓa ba. Ba wanda ya jefe ta da komai a waɗannan shekarun. Ba hoton da za a ɗauka, ba jawabin Yeats. Sarautar je-ka-na-yi-ka ce kawai, kullum, har jiki da zuciya suka gaji.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na faɗa wa kaina: to me ya hana ta ajiye musu aikinsu? Wadda ta iya tsayawa gaban masu jifa tana da shekara 22 ta kasa buga tebur tana da 50? Ashe zamanta bai zama rufin asiri ga Blythe ba, ya sami ƙwararriya yana fakewa da ita? Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Zaman mutanen kirki a gurɓataccen ofis yakan ƙara wa ofishin kwana. Amma ku dubi Dablin ta wancan lokaci: gidajen wasa na ƙwararru ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ita mace ce mai cin guminta, kuma ta san in ta fita ba wata macen za a kira ba. Sannan akwai yaran. Ray McAnally, T. P. McKenna, Vincent Dowling, duk a kamfanin nan suka girma a shekarun da take tsaye a kan gwaji, kuma daga baya suka yi suna a ciki da wajen ƙasar. A cikin wannan ƙuncin ta ɗora sababbin wasannin M. J. Molloy da Walter Macken da Bryan MacMahon, ta kai Garma da Taurari bikin wasanni na duniya a Paris a 1955. A 1959 ta koma dandamali da kanta ta fito a matsayin Mary Tyrone, uwar da ƙwaya ta cinye, a dogon wasan Long Day's Journey into Night na marubucin Amurka Eugene O'Neill, McKenna da Dowling suna 'ya'yanta. Tana da shekara 56, ta tuna wa gari cewa kafin komai ita 'yar wasa ce.

Shi ya sa in ana muhawarar matan fim a nan nake jin kamar rabin zancen muke yi. Muna da baki a kan wadda aka zaga saboda fitowar da ta yi, wasu na karewa wasu na ƙara wuta, kwana uku an wuce wurin. Amma wa yake tambayar mata nawa ne ke yanke hukuncin labarin da za a ɗauka? Nawa ne ke riƙe da kuɗin? Wadda aka rubuta sunanta a matsayin furodusa ko darakta, ita ke zaɓe, ko wani ne a bayan labule yake cewa a sa wance a cire wance? Zagin 'yan kallo yana da ciwo, na gani a bakin ƙyauren nan. Amma aƙalla shi a fili ake yin sa, ana iya nuna shi da yatsa. Na ofis ba ya ƙara, kuma mai yin sa sau da yawa mutum ne mai fara'a da ke gaishe ki kowace safiya.

Su ma can ba su gama da matsalar ba. A 2015 Abbey ta fitar da jerin wasanni 10 na bikin cika shekara 100 da tawayen 1916, guda ɗaya tak mace ta rubuta. Mata ma'aikatan wasan kwaikwayo suka yi ca, suka cika gidan da taro a Nuwamban shekarar, hukuma ta fito ta amsa kuskure. Wannan fa bayan mata biyu, Lelia Doolan da Garry Hynes, sun riƙe shugabancin fasaha na gidan, bayan ita Hynes ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka, a ɓangaren daraktan wasa a 1998.

Ria ta ajiye aiki a 1963, lafiya ta ƙi. Cikin shekara 15 da ta yi tana darakta, 12 a gidan haya ta yi su tana jiran ginin da ake ta alkawari. An buɗe sabon Abbey ranar 18 ga Yulin 1966, shekara 15 cif da gobarar, shugaban ƙasa Éamon de Valera ya zo, aka yi jawabai. Shekara uku ke nan da tafiyarta, Blythe kuwa yana nan a kujerarsa.